Ɗigo Ɗari Uku

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, amma yakan rusa aikin shekaru cikin kwana uku: mutum ya ji ƙarfinsa ya ragu, ya ɓoye, ya gwammace ya yi cinta da ya buɗe baki ya ce a taimake shi. Laifin Mai Awo ke nan, kuma ba mugun mutum ba ne.

Shekararsa ashirin da takwas a ɗakin gwaji na wata masana'antar sabulu. Kafin a haɗa ruwan soda da mai, sai an kawo masa kaɗan a kofi, ya riƙa ɗiga masa asid har kaifin sodar ya mutu. Yawan asid ɗin da ya shiga shi ke nuna ƙarfinta. In ta yi rauni a ƙara, in ta yi ƙarfi a sirka. Duka da ido yake yi, yana duban layukan jikin kwalba, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Matarsa ce ta fara ganewa, ran da ya tsaya a tsakar gida ya gai da rigar da ta shanya, yana zaton maƙwabci ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye shi ko rigar ta amsa. Da dariyar ta lafa, ta ce ya je asibiti. Ya ce rana ce ta kashe masa ido. Gaskiyar magana, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma yana tsoron in aka sani za a sallame shi kafin lokaci, ga 'ya'ya biyu a makaranta.

Ana cikin haka masana'anta ta sayo na'urar ƙirga ɗigo. 'Yar ƙarama ce, da taga a tsakiya. Asid yana saukowa daga bututu, duk ɗigon da ya ratsa tagar sai ta ƙirga, kwamfuta ta yi sauran lissafi. Mai Awo ya gode wa Allah a ransa, ya ce rufin asiri ya zo.

Amma na'ura ƙirga kawai ta iya, ba ta san girman ɗigo ba. Dole a saita ta: a sa kwalbar awo a ƙarƙashi, a bar ɗigo ɗari uku su sauka, mutum ya duba inda ruwan ya tsaya, ya rubuta mata. Wannan duban guda ɗaya, shi ne ya rage wa idon ɗan Adam. Mai Awo ya bar wa abokiyar aikinsa, wadda kowa ke kira Anti, wai ita ce ta iya hira da kwamfuta. Shekararsu goma tare, Yaya take ce masa. Kullum ta duba takan ce mililita goma.

Ranar Litinin da safe kan bututun ya tsage wajen wanki, aka sa sabo. A safiyar kuma aka aiko wa Anti mahaifiyarta ba lafiya, ta karɓi hutun kwana uku. Tana rataye da jaka ta tuna masa cewa sabon kai sai sabon saiti, don ba duk kai ke zubar da ɗigo iri ɗaya ba.

"Yaya, kawo in duba maka kafin in wuce. Minti biyar ne."

"Tun kina aji ɗaya nake karanta kwalba," in ji shi. "Je ki, Allah ya ba ta lafiya."

Ta ce to, manya, ta fita.

Ya yi komai bisa ƙa'ida. Ya ɗauraye bututu, ya kori iskar da ke ciki, ya daidaita famfo har ɗigo ya riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Ɗari uku suka cika. Ya ɗaga kwalbar saitin taga. Layukan suka narke cikin juna kamar rubutun da ruwa ya jiƙa. Ya goge tabarau, ya kusanto da ita, ya nisanta. A waje shugaban masu tukunyar dafa sabulu yana buga ƙofa, yana cewa mai ya yi zafi. Da ya buɗe ya miƙa masa kwalbar, da an gama. Sai ya rubuta goma.

Sha biyu ne. Sabon kan ya fi faɗi, ɗigonsa ya fi girma.

Daga nan na'ura ta riƙa faɗin asid ƙasa da wanda ya shiga, soda mai ƙarfi ta fito a takarda kamar mai rauni. Mai Awo ya sa hannu aka ƙara soda. Ranar Talata shugaban masu tukunya ya dawo ya ce haɗin nan yana daskarewa da wuri, bai yarda da shi ba. Mai Awo ya nuna masa takardar kwamfuta, ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ranar Alhamis matan da ke yanka sabulu suka fara yarfa hannu, fatar yatsunsu ta yi ja tana saɓulewa.

Anti ta dawo ta tarar da manaja da Mai Awo a ɗakin gwaji. Ta sake saiti a gabansu, ta ɗaga kwalba, ta duba. Manaja ya karɓa ya miƙa wa Mai Awo, ya tambaye shi nawa ya karanta.

Dattijon ya daɗe riƙe da ita.

"Ranka ya daɗe, ba na gani. Na fi shekara ba na ganin layukan nan."

Anti ta juya baya tana goge teburin da ba shi da datti. Daga baya ita ce ta bi manaja har ofis, ta ce laifin har da ita, da ta tafi ba ta duba ba. Manaja ya ce ciwon ido ba laifi ba ne, ana yi wa yanar ido aiki mutum ya warke, amma sa hannu a kan abin da ba ka gani ba, wannan ba zai iya rufewa ba. Bai kore shi ba, albarkacin shekarunsa.

Ga abin da goman nan ta ci. Tukunya tara ta sabulu aka mayar wuta. Mata huɗu sun yi mako da hannu a ɗaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, ɗaya har yau ba ta amsa sallamarsa. An karɓe makullin ɗakin gwaji, an soke sa hannunsa, an mai da shi sito yana lura da lodin kwali. Anti tana gaishe shi kowace safiya da ladabi, amma ba ta ƙara tambayarsa komai a kan aiki ba.