Ranar da Alƙasum Ya Yanke Yatsa

Shekara arba'in Alƙasum yana fawa a Tawa, kuma a unguwarsu ba a feɗe ragon layya sai da hannunsa. Kwatsam zuciya ta fara yi masa tsiya: ta yi gudu, ta tsaya, ta yi tsalle kamar ɗan akuya. Likita ya ce irin wannan bugun yana sa jini ya daskare a wani ɗan aljihu da ke jikin zuciya, kuma in gudan ya ɓalle ya hau kai, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Aka ɗora shi kan maganin tsinka jini.

To, ina mahauci ina tsinkakken jini? Ranar da wuƙa ta ɗan lashe shi, jini ya yi ta zuba tun hantsi har azahar. Matarsa Salamatu ta tattara wuƙaƙen ta kulle a akwatinta. Layya biyu ya yi a kan tabarma yana kallon 'yan koyo suna huda fata, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ɗansu Sidi ne ya kai shi wani asibiti a Tunis. Can aka bi jijiyar cinyarsa da siririn bututu, aka toshe bakin aljihun da ɗan marfi. Bayan watanni aka duba, marfi ya zauna daram, likita, wanda mutanen Tawa ke kira lokotoro, ya ce ya ajiye maganin.

Salamatu dai ba ta gamsu ba. Da safiyar layya, an yanka raguna suna kwance, Alƙasum ya miƙa mata hannu.

"Kawo wuƙaƙena."

"Malam, ni ban ga marhin ga da idona ba."

"Ke, lokotoro ya hwaɗi! Mi kike so, in buɗe miki ƙirji?"

Guda ɗaya tak ta ɗauko masa tana gunaguni, ta tsaya a kansa da tsumma a hannu.

Rago uku ya feɗe, fata na sauka kamar riga. A na huɗu, garin cika baki, wuƙa ta ci babban yatsansa. Salamatu ta yi salati ta danne wurin da tsumman. Shi ma gogan, mu faɗi gaskiya, ya ƙura wa tsumman ido, don ya san in jinin nan ya ƙi tsayawa, shi da fawa sai a mafarki.

Can ta ɗaga tsumman a hankali. Jini ya tsaya.

Guɗar da ta rangaɗa sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Alƙasum ya ɗaga yatsa sama yana bin kowa yana nuna masa, kai ka ce sarauta aka ba shi.

"Ku duba! Da kainai ya tsaya!"

Salamatu ta share hawaye, ta shiga ɗaki, ta fito da sauran wuƙaƙen duka ta zube a gabansa.

"Ya isa haka nan, Malam. Raguna bakwai ka jiran ka."