Kaka Ta Koya wa Dogo Wauta

Kaka ba ta taɓa zama a aji ba, amma a satin da likitar kotu za ta zo sai ga ta ta buɗe makaranta a tsakar ɗakinta. Ɗalibi ɗaya ne, jikanta Dogo, darasin ma ɗaya ne: yadda ake zama wawa.

Asalin maganar tun Dogo yana ɗan shekara tara ne, lokacin da mota ta kife da shi da iyayensa. Iyayen ba su tashi ba. Shi ya tashi, amma ya bugu a ka, hannunsa na hagu ya ɗan shanye, harshensa kuma ya yi nauyi, kowace kalma sai ya jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Kotu ta damƙa wa Kaka riƙonsa, ita kuwa ta riƙe da hannu biyu har da haƙora. To ga shi yanzu yaro ya miƙe, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, saura ƙiris ya cika sha takwas, kuma ranar da ya cika riƙon ya ƙare. Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, mai shagon gyaran firiji a wani gari mai nisa, ya riga ya je gaban alƙali ya ce a ba shi yaron ya koya masa sana'a. Alƙali ya ce mutum ba kaza ba ne da za a miƙa ta katanga. Zai turo likita ta duba. In Dogo yana da hankalin da zai zaɓar wa kansa inda zai zauna, shi zai zaɓa. In babu, a sabunta wa Kaka riƙo.

Kaka ba ta tambayi Dogo ko yana son tafiya ba, don tsoron amsar take yi. Ta juya maganar ta ko'ina, ta ga in babu hankali babu zaɓi, in babu zaɓi kuwa kawu sai ya koma ya rungumi firijinsa. Sai ta ɗauki sandarta ta leƙa gidan maƙwabcinta, tsohon masinjan kotu, wanda don ya yi shekaru yana kai takardu daga tebur zuwa tebur unguwa ta ɗauke shi rabin alƙali.

"Gwajin nan ai na san shi kamar yunwar cikina," in ji Masinja, yana gyara zama. "Za ta ce masa yau wace rana. Ta nuna masa abu ta ce mene ne wannan. Ta ce ya ƙirga. In ya ci, ya tafi. In ya faɗi, naki ne har abada."

Bai taɓa ganin an yi ba, amma Masinja ba mutumin da rashin sani ke hana shi bayani ba ne.

Kaka ta dawo ta zaunar da Dogo a bakin gado, ta ɗaga cokali a gaban hancinsa.

"Maigidana, in ta nuna maka wannan ta ce mene ne, me za ka ce?"

"Co... kali."

"Ka ji irinta! Haka za ka kashe ni? Takalmi za ka ce."

Dogo ya dubi cokalin, ya dube ta. "Kaka... takalmi ya yi... yawa. In ce ludayi?"

"Ni za ka koya wa wauta? Na girmi ubanka. Takalmi na ce!"

Haka suka yi ta fama. In an ce yau wace rana, ya ce ranar jiya. In an ce ya ƙirga, daga uku ya tsallaka tara. Dogo ya riƙa ɗaukar darasi da natsuwa irin wadda ta fara damun Kaka, har yakan gyara mata in ta manta abin da ta koya masa. Sau ɗaya ya tambaye ta dalili, ta ce masa manya ba sa ba da dalili. Ya ce to, yana murmushin nan nasa na gefen baki wanda ba ta taɓa gane inda ya dosa ba.

Ranar zuwan likita, Kaka da hannunta ta sa masa riga a baibai, ta ba shi takalmi wari da wari, ɗaya na roba ɗaya na fata. Ta ja da baya ta ƙare masa kallo, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya fito tsaf.

Likitar 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta wuce sa'ar jikokin Kaka ba. Ba ta zo da allura ba, ba ta zo da abin awo ba, jakar hannu kawai. Ta gaida Kaka har ƙasa, aka nuna mata kujera ta ce tabarma ta fi, ta zauna daidai da Dogo. Sannan ta ce, "Mama, ki ɗan ba mu wuri, ni da shi."

Kaka ta ba su wuri, wato ta fita ta zagaya ta tsuguna a ƙarƙashin taga da wata tukunya da ta riga ta wanke tun safe.

"Wannan ba jarrabawa ba ce," ta ji likitar tana cewa. "Babu ci, babu faɗuwa. Alƙali yana so ya san ko ka gane maganar da ake yi a kanka. Ka san abin da ya kawo ni?"

"Takalmi," in ji Dogo.

Kaka ta rufe baki da gefen mayafi don kada daɗi ya fito da ƙara. Ba a ma nuna cokali ba yaro ya ci.

"Wa kake zaune da shi a gidan nan?"

"Ranar... jiya."

"In wuta ta kama a ɗakin nan, me za ka yi?"

"In shiga... ƙarƙashin gado. In rufe ido."

Wannan ba ya cikin darasi. Kaka ta ɗan ɗaga kai ta leƙa. Dogo ya ɗauki butar shayi ya kara a kunne yana gaisawa da ita, yana tambayarta mutanen gida. Da ya gama sai ya cire hularsa ya sa wa butar, ya dubi likita ya kira ta Kawu. Kaka ta ce a ranta, kai ɗan nan, ai gishiri ma da misali ake sa shi. Amma dai ta koma ta tsuguna da farin ciki, tana goge tukunya har tana sheƙi.

Can likitar ta leƙo ƙofa ta ce Mama ta shigo. Kaka ta shigo tana ɗingishi fiye da kullum, ta sa fuskar tausayi, ta zauna tana ajiyar zuciya.

"Kin gani da idonki ko, 'yar nan? Haka muke fama. Ko hagu da dama bai sani ba."

"Na gani, Mama." Likitar ta cire tabarau tana gogewa a hankali. "Kuma in abin da na gani haka yake, to akwai magana. Wanda zai shiga ƙarƙashin gado in wuta ta kama, yana buƙatar mai tsaronsa ko da yaushe, mai ƙarfin da zai jawo shi ya fitar da shi. Ke kuma ga ki da sanda. Alƙali zai tambaye ni ko za ki iya, ni kuwa ba zan yi masa ƙarya ba."

"To ai sai a bar mini shi, na saba."

"Ba lallai ba ne. Akwai gidan da ake kula da masu irin wannan lalura, da ma'aikata da komai. Ana barin dangi su kai ziyara."

Kaka ta daina ajiyar zuciya. Masinja bai faɗi wannan ba. Ta dubi Dogo, shi kuwa yana can yana gyara wa buta hula.

"Ziyara? Wa za a kai wa ziyara?" Ta miƙe tsaye, sandar ma ta manta da ita. "Wannan ɗin za a kulle da masu lalura? Yaron da shi ke ɗiga mini maganin ido safe da yamma, bai taɓa haɗa na dama da na hagu ba? Ke kin san sau nawa likitocinku suka canza mini ƙwayar hawan jini, shi ya gane sun ba ni wadda ke kumbura mini ƙafa? Fankar da ke kanki, wa ya gyara ta? Da hannu ɗaya da rabi! Ranar da risho ya kama da wuta a kicin, ni ce na tsaya ina salati, shi ya jiƙa bargo ya danne. Ƙarƙashin gado! Kai Dogo, don ubanka ajiye butar nan ka yi magana irin ta mutane!"

Dogo ya ajiye buta, ya karɓi hularsa ya mayar kansa. Likitar ta mayar da tabarau, ta dubi rigarsa.

"Mama, to wa ya sa masa riga a baibai?"

Kaka ta ce ita ba ta gani sosai. Ta koma ta zauna, kunya ta rufe ta, kuma a ƙarƙashin kunyar ta gane abin da ta yi: da bakinta ta ba da shaidar da ta yi sati tana ɓoyewa.

Likitar ta tambayi Dogo ko yana so Kaka ta fita kafin su sake farawa. Ya ce a'a, ta zauna ta ji. Daga nan aka shiga gwajin gaske, wanda babu cokali a cikinsa. Ta ce ya faɗa mata wuraren da zai iya zama, da bakinsa. Ya ce nan, ko wurin Kawu. Ta ce mene ne daɗin nan. Ya ce a nan kowa ya san shi, ba mai gajiya da jiran maganarsa, kuma ga Kaka. Ta ce wahalar can fa. Likitar ba ta taya shi ba, ta bar shi ya jawo kalmominsa.

"Kawu... yana da faɗa. Yaran shago za su... kwaikwaye ni. Firiji yana da nauyi, hannuna... ba zai ɗaga ba. Sai dai in koyi... na ciki. Wayoyi."

"In ka je ka ga ba ka iyawa fa?"

"In dawo. Ai ba... kurkuku ba ne."

"To Kaka fa, in ka tafi?"

"Matar Masinja... na koya mata ɗiga magani. Hannunta na rawa. Amma... tana samu."

Kaka ta tuna yadda matar Masinja ta bi ta ishe ta da shigowa kwanan nan, kullum daidai lokacin magani, wai ta zo hira. Ta cije leɓe.

"Dogo, a ina kake so ka zauna?"

Bai dubi likitar ba, Kaka ya duba. "Zan tafi. In na zauna... zan tsufa ina yaro."

"'Yar nan," in ji Kaka, "in shirme ya zaɓa fa?"

"Mama, ba a aiko ni in auna kyan zaɓinsa ba. An aiko ni in ga ko ya san abin da zai samu da abin da zai rasa, ya ɗora su a sikeli da kansa. Ya sani. In ma kuskure ne, mai hankali yana da ikon yin nasa." Ta rataya jakarta, ta yi wa Kaka sallama har ƙasa kamar yadda ta gaishe ta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce wa Dogo ya gaida mata buta.

Dogo ya cire rigar ya juya ta daidai. Kaka tana so ta yi kuka, tana so ta rufe shi da duka, sai ta zaɓi masifa don ita ta fi mata sauƙi.

"To sai ka tafi ai, mai hankali. Ka ga in da abin da za ka zuba kayanka. Jaka ɗaya ce a gidan nan, ta kakanka da ke kan sif, ita kuwa zif ɗinta ya mutu tun kafin a haife ka. Sai dai ka ƙulle tsummokaranka a zani."

"Na gyara ta."

"Ka gyara me?"

"Zif ɗin."

"Yaushe?"

"Tun... bara."

Kaka ta ɗaga kai ta dubi saman sif. Jakar tana nan inda take, sai dai babu ƙura ko kaɗan a jikinta. Ta daɗe tana kallonta, zuciyarta na ciwo irin wanda ba a ɗiga masa magani.

"Sauko da ita," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "In gani ko ka yi aikin kirki."