Saura Riga Uku

"Ƙofar kabad ce ta buge ni," in ji Mai Ɗinki, ina goge mata jini a gira.

"Kabad ɗin naki zobe yake sawa?" Shekara talatin na yi ina aikin jinya, na san shatin zobe.

Katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata. In keken ɗinkinta ya yi shiru da rana tsaka, na san mijin ya dawo.

"Inna, sau uku ina tafiya gida. Kawu ya ce haƙuri maganin zaman duniya."

"Shi Kawun naki wa yake dukansa?"

Ta yi dariya, ta dafe haƙarƙari.

Na rubuta mata lambar wani ofishi da ke taimakon mata irinta, suna da lauya, suna da ɗakin fakewa. Na ce gobe mu fara da asibiti, likita ya rubuta abin da ya gani, daga nan mu wuce.

"Sai dai Litinin. Yadin mutane na hannuna, saura riga uku. In na ɓace da su, a ce ɓarauniya ce."

"Su jira mana."

"Amana ce, Inna."

Na ƙyale ta. Abin da ke cina har yau ke nan.

Kwana biyu keken bai huta ba. Ranar Lahadi da hantsi ya tsaya cak. Na buga katanga, na buga ƙofa, na kira 'yan sanda. Kafin a ɓalle ƙofar, rai ya yi halinsa.

A wurin gaisuwa Kawun ya ce, "Kwana ne ya ƙare. Yarinya mai haƙuri." Matan layinmu, masu ƙara muryar rediyo in an fara dukanta, suka gyaɗa kai.

"Kwana ya ƙare," na ce, "amma da hannu aka taya shi. Haka na faɗa wa 'yan sanda."

Wata ta ce tsufa ne ke damuna.

Da ƙanwarta ta zo kwashe kaya, na shiga taya ta. A ƙarƙashin keke muka tarar da jaka a ɗaure, takardar da na rubuta mata lambar a aljihun jakar. Riga biyu a ninke, kowace da sunan mai ita. Ta ukun tana kan keken, allura a soke, saura kalmasa.