Akwatin da Aka Sayo a Maraɗi

Malam Uwaisu ne ke koyar da adabin Turanci a makarantar sakandaren Jibiya, kuma aji biyar nasa ne, ba wanda ya taɓa ja da shi. Littafin jarrabawar shekarar 1979 wani tsohon labarin Ingila ne, na masu hali da ke zaune a ƙaton gida suna shan shayi, suna jin haushin juna cikin ladabi. Malam Uwaisu ya san littafin ciki da waje. Ɗalibansa kuwa sun san bangonsa.

Ana haka sai ma'aikatar ilimi ta Kaduna, wadda ta rasa inda za ta kai kuɗin fetur, ta aiko da ƙaramin akwatin talabijin, da na'urar bidiyo, da kaset-kaset na wasan da Turawa suka yi da littafin. Ta haɗo da sabon malami, Kalilu, wanda bai daɗe da barin jami'a a Zariya ba, mai wando buje da tarin suma. Shi kaɗai ya san wayar da ke shiga kowane rami, don haka ranar Alhamis, ranar kallo, ta zama tasa.

Kafin wata ya ƙare, yaran da ba su taɓa wuce babi na biyu ba sun fara gardama a kan wa ya kamata ya auri wa. Rannan Malam Uwaisu na tsakiyar bayani, wata ɗaliba, Salmatu, ta ɗaga hannu.

"Malam, ba haka sunka yi ba a talabijin. Malam Kalilu ya ce..."

"Malam Kalilu ne ya rubuta littafin?"

"A'a, Malam. Amma shi ya nuna muna."

Makon nan Firinsifal ya faɗa a ɗakin malamai, yana sakace, cewa ƙarshen zango zai duba wanda ya fi dacewa da aji biyar. Bai kalli kowa ba, abin da ya sa kowa ya kalli Malam Uwaisu.

A gida matarsa Nagoggo ta ga ya ture tuwo.

"Malam, wai da yaron kake fushi ko da akwatin?"

"Akwatin me? Abu kamar gwangwanin madara, na baya ba su ganin komi."

"To ai sai ka kai masu babba," in ji ta, tana kwashe kwano. Da wasa ta faɗa. Shi bai ji wasan ba.

Ranar kasuwar Maraɗi ya hau motar hatsi ya tsallaka iyaka zuwa Nijar. Ya zaɓi akwatin da ya fi kowanne girma a shagon wani ɗan kasuwa, wanda ya rantse masa daga Faransa ya zo, kuma gaskiya ya faɗa. 'Yan duwan, wato kwastan na can, suka shafa akwatin suka yaba, kwastan na nan suka tsare shi har la'asar suna yabawa. Mutum biyu suka kama masa aka sauke.

Ranar Alhamis aka tada injin wuta, Firinsifal da kansa ya zo. Malam Uwaisu ya yi ɗan jawabi a kan cewa ilimi ba ya son ƙanƙanta, sannan ya ba Kalilu izinin haɗa waya.

Hoto ya fito tangaram, har ana ganin maɓallan rigar mai gidan. Baturen ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Ba abin da ke fita sai shuu. Malam Uwaisu ya murɗa maɓallin murya har ƙarshe, shuu ɗin ya ƙaru.

Kalilu ya leƙa bayan akwatin, ya yi ƙasa da murya don kada yara su ji, abin da ya fi ɓata wa Malam Uwaisu rai.

"Ranka ya daɗe, na Nijar tsarin Faransa suke bi, namu daban. Hoto zai zo, magana ba za ta zo ba."

"Mai shagon bai faɗa mani ba."

"Halan bai san nan za a kawo shi ba. Amma bari mu gani."

Ya ɗauko ƙaramin akwatin makaranta, ya ajiye shi ƙarƙashin tebur, ya raba waya biyu. Hoto daga na Malam Uwaisu, murya daga na ƙasa. Yara suka tafa. Salmatu ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfin da har Firinsifal ya ji, "Malam Kalilu ba abin da bai iya ba."

Ƙarshen zango Firinsifal ya miƙe gaban taron makaranta ya gode wa Malam Uwaisu bisa kyautar da ya yi wa ilimi, kyautar da shi Malam Uwaisu bai san ya yi ba. Ya ba Kalilu aji biyar. Don kada a ce an manta da babba, ya naɗa Malam Uwaisu mai kula da kayan kallo, ya danƙa masa mabuɗin sito.

Alhamis ta farko a sabon zango, shi ya buɗe sito, ya sa aka fito da akwatin, ya tsaya gefe da mabuɗi a hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Kalilu daga gaban allo, "ko za a ɗan karkato shi hagu? Haske na dukan gilashin."

Malam Uwaisu ya karkato shi hagu.