Riga Babu Maɓalli

"Cire su duka," in ji Alhaji Ɗalha. "Maɓalli ko ɗaya kada ka bari. Kuma ka buɗa mini ita sosai, yadda mutum biyu za su shiga."

Ari tela, da unguwa ke kira Ba Ari, ya ɗaga kaftanin ya juya shi gaba da baya. Shekara takwas ke nan yana yi wa maƙwabcin nan nasa ɗinki, tun da ya gudo daga Bosso ya kama shago daura da gidansa a Diffa. Alhaji ɗan Damagaram ne, mai fataucin tattasai, kuma mutum ne mai son riga ta zauna masa cif. Ko faɗin yatsa ka ƙara masa sai ya dawo maka da ita.

"Alhaji, ƙiba kake shirin yi?"

"Ba Ari, kai dai yi abin da na ce. Wandunan ma ka zare zariya ka sa roba."

Maganar tana fita da nauyi, kamar ta mai goro cike da baki. Hannunsa na dama kuma yana cikin aljihu tun shigowarsa, da hagu ya miƙo kayan.

Shi Ari mutum ne da ko gaisuwa ta yi tsawo sai ya nemi dalilinta. Ba haka aka haife shi ba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Bosso ya fito da kan keken ɗinkinsa a kafaɗa, ya bar ƙanensa a can, har yau bai san inda aka binne shi ba. Tun daga nan idonsa ba ya hutawa, kuma shagonsa ya ba shi wurin kallo mai kyau.

Sai ya shiga haɗa abubuwa. Alhaji ya daina ba mutane hannu, sai dai ya rusuna daga nesa. Ya daina zuwa sahu, shi da ke rigan liman shiga masallaci. Sau uku yana bin motar safe ba tare da buhu ko ɗaya ba, in an tambaye shi ya ce ziyara. Rumfarsa ta kasuwa ya danƙa wa ƙaninsa Laminu ana tsakiyar kakar tattasai, lokacin da manoman bakin kogin Komadugu ke shigowa da kaya. Ranar Juma'a kuma ya bi unguwa gida gida yana neman a yafe masa, alhali ba Makka za shi ba.

Yanzu ga riga mai faɗi. Duk wanda ya zauna a Diffa shekarun nan ya san abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin riga mai faɗi, ya kuma san irin mutumin da ke bin mutane yana neman gafara kafin tafiya.

Kwana uku Ari yana taka keke yana saƙawa da kwancewa. Wata zuciyar ta ce masa wannan fa shi ne ya fara kawo maka aiki lokacin da ba ka da ko tabarma. Wata ta ce ai na Bosso ma ba baƙi ba ne suka nuna hanya. Rana ta huɗu ya rufe shago ya tafi wajen mai unguwa.

"Ni ban ce na gani ba," ya ce, yana kallon ƙasa. "Na ce dai a duba."

Aka duba. Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan, masu kaki suka fito da Alhaji, yana jan ƙafa. Ba a sako shi ba sai Laraba.

Washegari Hasna, matar Alhaji, ta tsaya a bakin zaure lulluɓe da mayafi. "Ba Ari, Alhaji na kira. Ya ce ka taho da rigar."

Ari ya sha jinin jikinsa, amma ya ɗauki rigar ya tsallaka. Ya tarar da Alhaji a tsakar gida bisa kujerar roba, daga shi sai singileti. A nan ya ga abin da manyan riguna suka daɗe suna rufewa. Damtsen dama ya tsotse, ya koma kamar na yarinya. Tsakanin babban yatsa da manuni rami ne. Naman kafaɗa kuma yana motsi shi kaɗai a ƙarƙashin fata, ya tsaya, ya sake.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Sa mini ita. Maɓalli ya fi ƙarfina yanzu."

Ari ya zura masa rigar, ya kama hannun ya shigar. Ba nauyi ko kaɗan.

"Lokotoron asibiti a Damagaram ya ce jijiyoyin da ke motsa jiki ne," Alhaji ya ci gaba, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ya ce ciwo biyu ne masu kama da juna. Ɗaya yana da magani. Ɗayan kuwa ci yake yi har ya kai ga numfashi. Ba a sani sai an soka mini wasu allurai masu lantarki a Yamai. Litinin ɗin nan da ta wuce suka ba ni, ta same ni a tsare."

Ari ya ce, "Yanzu fa?"

"Layi ne. Sun ce sai bayan wata uku."

"To, Alhaji, me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"In na faɗa da bakina, Ba Ari, ya tabbata ke nan." Ya yi ɗan murmushi, rabin bakin ne ya amsa. "Kullum da safe sai na cika buta na ɗaga, na ga ko jiya ta fi yau. Na tsaya gaban madubi na zaro harshe kamar mahaukaci. In Hasna ta shigo na ce haƙori nake dubawa. Wallahi kwana huɗun nan da na yi a hannun mutanen can na fi samun barci. Su dai ina ganinsu, in sun tambaya na amsa, na nuna takarda."

Alhaji bai tambayi wanda ya kai ƙararsa ba. Ya dai dubi Ari ya ɗan jima, sannan ya ce ɗinkin ya yi.

Wannan kallon ya hana Ari sakat. Ya sani ne? Mai unguwa ya faɗa? In Hasna ta gaishe shi a gajarce sai ya ce ta ji, in ta sake masa fuska sai ya ce rufa masa asiri take yi. Mutumin da ya saba zargin kowa ya koma yana zargin kowa da saninsa. Kullum da safe dai yakan tsallaka ya sa wa Alhaji riga, ya riƙe masa buta. Tun Alhaji na ɗagawa da rabin ruwa har ya daina tambayarta. Ya sa aka rataye masa kalanda a inda yake gani daga kwance, aka zagaye masa ranar zuwa Yamai.

A mako na goma sha ɗaya da sako shi magana ta ɗauke. Ari ya zauna kusa da shi, ya tattara ƙarfin halinsa. "Alhaji, akwai wata magana da ya kamata ka ji daga bakina."

Alhaji ya ɗaga yatsan hagu da kyar, ya nuna kofi. Ari ya ba shi ruwa da cokali, kaɗan kaɗan. Ko hana shi ya yi, ko ƙishi ne kawai, Ari bai sani ba, bai kuma sake samun bakin tambaya ba.

Bayan kwana biyu Alhaji ya ƙware da kunu. Abin ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo, a rana ta huɗu da la'asar ya cika. Unguwar duka ta fito, har da waɗanda suka daina bi ta ƙofarsa tun ranar da mota ta zo. Ari ya yi kuka a maƙabarta har mutane suna cewa ashe haka suke da amana.

Ranar addu'ar bakwai, an fara watsewa, Hasna ta miƙo waya ta bayan labulen zaure. "Ba Ari, ta Alhaji ce. Tun ɗazu take ƙara, ni ba zan iya ba."

Muryar mace ce daga Yamai. Ta fara da Faransanci, ta koma Hausa. Ta ce tuni take yi wa Ɗalha kan gwajin allurai, ranar Litinin ƙarfe takwas. Ya yi wanka kafin ya zo, kada ya shafa mai a jiki, kuma ya taho da wanda zai riƙe shi.

"To," in ji Ari.

Ta kashe. Ya zauna da wayar a tafin hannunsa har hasken fuskarta ya mutu, Laminu yana naɗe tabarmi a gefensa ɗaya bayan ɗaya.