Ja da Ruwan Lemo

Chaïbou mutumin Maradi ne, sai da ya girma ya fara ganin jirgin ƙasa ido da ido. Wataƙila shi ya sa da ya je ƙasar waje ya samu gida a garin Pleasant Garden ya kori motarsa waje, ya cika gareji da ƙananan jiragen wasa masu gudu kan layin dogo. Matarsa Hamsatou, mai shagon kitso, ta daɗe da sallama masa.

Sati shida ya yi yana neman fulogi mai ƙafa takwas wanda zai haɗa wani tsohon kan jirgi da dikoda, ɗan allon da ke karɓar umarni ya motsa inji. Ranar Asabar da hantsi fulogin ya iso daga jihar Pennsylvania, ƙwaya ɗaya tal. Ƙa'idar aikin kuwa ya haddace ta: jar waya da baƙa su tafi dogo, ruwan lemo da ruwan toka su tafi inji. In aka musanya, dikoda ta ƙone.

Ya riga ya ƙona ɗaya a watan jiya, ya ɗora wa kamfani laifi. Gaskiyar ita ce idonsa ya daina raba ja da ruwan lemo, kuma yanzu ko allon hanya sai ya matso yake karantawa. Bai faɗa wa kowa ba. Tsoro yake ji, don da idon nan yake gyaran na'urori a wurin aiki, da shi yake tuƙi.

Ya ɗaga wayoyin biyu, ja da ruwan lemo, gaban taga, ya juya su, ya goge tabarau. Duk ɗaya. Dalma ta narke a bakin ƙarfen liƙi har ta ɗiga, bai taɓa komai ba.

Hamsatou ta shigo da shayi.

"Baban Leïla, yau jirgin zai tashi ko fasinja su sauka?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙa mata wayoyin.

"Wacce ce ja a nan?"

Ta dube shi kafin ta dubi wayar. Sannan ta ajiye kofi, ta jawo kujera, ta ware wayoyin takwas ɗaya bayan ɗaya kamar tana tsaga gashi, tana kiran launin kowacce. Shi yana liƙawa, ita tana riƙewa. Da suka gama ya ɗora kan jirgin bisa dogo ya murɗa makunni. Fitila ta kama, jirgi ya ja jiki a hankali ya zagaya teburin.

Chaïbou bai bi shi da kallo ba.

"Hamsatou, ba na gani sosai. Ya kai shekara."

"Na sani," in ji ta. "Tun azumi na karɓa maka randebu, ranar ganin likitan ido. Sau uku ina ɗagawa, ina jiran ka faɗa da bakinka. Talata ne, ƙarfe tara. Ni zan tuƙa."