Ajin Bene da Ajin Ƙasa

Ina da wani ɗan hali da ba na alfahari da shi, wato aron darasi. Duk malamin lissafi ya san sana'ar. Sai ka tsaya a ƙofar ajin wani, ka saki fuska, ka ce, "Malam, ara mini wannan lokacin naka, jarrabawa ta matso, zan mayar maka." Ban taɓa jin wanda ya mayar ba. Kuma ba a wurin kowa ake ara ba. Malamin kimiyya, in ka tunkare shi da wannan magana, kallon da zai yi maka sai ka rantse takalmin ƙafarsa ka roƙa. Malamar zane da malamin waƙa ne gonarmu.

Malamin waƙar nan yara suna ce masa Sarewa, don dogo ne siriri. Ni kuma Ikis suke ce mini, wato harafin x na lissafi, tunda kullum ina aikensu su nemo shi. Sarewa bai taɓa hana ni ba. "Ɗauki, Malam," zai ce, ya koma gindin bishiya yana ɗaure tsirkiyar wata tsohuwar jita.

A bana 'yan aji biyar sun yi yawa, aka raba su gida biyu, ɗaya a bene, ɗaya a ƙasa, kuma ni ke koya musu lissafi duka. Jadawali ya matse, don haka 'yan bene kaɗai aka ba waƙa da zane. 'Yan ƙasa aka cike musu gurbin da ƙarin zama a ɗakin gwaje-gwaje. Tun a zangon farko na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Darasi ɗaya, malami ɗaya, har barkwancin da nake yi musu ɗaya ne, amma 'yan bene suna kama abu kafin in juyo daga allo, 'yan ƙasa kuwa sai su zuba mini ido kamar ina karanta musu sammaci.

Na kai wa malamin kimiyya maganar a ɗakin malamai.

"Gwaji za ka yi," in ji shi, yana juya shayinsa da gindin biro. "Ka riƙa canja abu ɗaya ɗaya. Ku masu lissafi matsalarku ke nan, komai a kai kuke yinsa."

Na ji haushi, amma na bi. Na fara zargin iska, domin bene ya fi sanyi, fankar ƙasa kuwa ƙara kawai take yi. Na musanya musu ɗaki na ɗan lokaci. 'Yan ƙasa suka sha iska suka yi barci mai daɗi. Na zargi satar amsa, na watsa 'yan bene a babban zaure, kowa da nisansa, na tsaya a kansu kamar mai gadin banki. Suka ci abinsu. Na zargi yunwa, na tambaya, duka ajin biyu suka tabbatar mini yunwa suke ji. Bambancin da ya rage shi ne darussan nan da nake ara.

Ana cikin haka sabon shugaban makarantar ya kira taro. Mutum ne mai son tsari, agogo biyu yake dubawa kafin ya yi magana, na hannu da na bango. Ya ce baɗi za a cire waƙa daga jadawali a ƙara wa lissafi da kimiyya, domin ya zaga sau da dama ya tarar da ɗakin waƙa a rufe, malaminsa a gindin bishiya. Malamar zane ta tsira tunda ita ke rubuta allunan sanarwa. Sarewa kuwa, kowa ya san wanda ba shi da darasi a jadawali ba shi da kujera a ɗakin malamai, ga shi da iyali, har da mahaifiya da ke hannunsa. Ni kuwa na san wanda ya kai shi gindin bishiyar.

Washegari na je ƙofarsa.

"Ɗauki, Malam," ya ce, ya fara tattara kayansa.

"A'a, yau zama na zo yi."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. So nake in ga me kake ba su."

Na cusa kaina a bencin baya, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Ban ji waƙa ba ranar, tafi aka yi. Sarewa ya zana dogon layi a allo, ya ce wannan bugu guda ne. Ya raba shi biyu, ya raba huɗu, ya raba takwas. Layin taga suna tafa biyu, na tsakiya huɗu, na ƙofa takwas, kuma dole kowa ya sauka tare. Sai ya ce wasu su tafa uku a daidai lokacin da wasu ke tafa biyu. Lissafin raba abu kashi-kashi da nake fama da shi da alli har makogwarona ya bushe, ga shi yara suna yinsa da tafin hannu suna dariya.

Na sa hannu ni ma. Yarinyar da ke gabana ta waiwayo.

"Malam, ai ka riga mu."

Na rage sauri.

"Malam, yanzu kuma mun bar ka."

Daga ranar na daina aro. Na zama ɗan ajin bene. Na leƙa wurin malamar zane ma, na tarar tana nuna musu yadda hanya ke tsukewa in ta yi nisa, suna auna tsawon kujera da fensir da ido ɗaya a rufe. Ta ba ni takarda ta ce in zana kofin da ke kan tebur. Da na gama ta duba ta ce hular ta yi kyau. A gida kuma na kama tafa uku da hannun dama a cinya, biyu da hagu, har mai ɗakina ta leƙo daga kicin.

"Baban yara, sauro ne?"

"Bincike nake yi."

"To binciken ya sauko da murya, maƙwabta za su ce dukana kake."

Da taron ƙarshen shekara ya zo, na miƙe. Shekaruna a makarantar nan ban taɓa magana a taro ba sai in ana batun kujerar da ta karye. Na bayyana gwajin iska, da na zaure, da na yunwa. Na ce malami ɗaya, manhaja ɗaya, sakamako biyu, kuma bambanci ɗaya tal. Har na sa malamai tafi, ɓangare uku, ɓangare biyu, malamin kimiyya yana rikita kowa. Shugaba ya duba agogonsa na hannu, ya manta da na bango.

"Malam, ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, lissafi ba ya ƙarya."

Aka yanke cewa waƙa ta zauna, baɗi ma duka azuzuwan za a ba. Aka kuma haramta aron darasi, da sunana a bakin shugaba. Sarewa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ni kuma ina jin kaina kamar wanda ya gano sabuwar nahiya. Har na fara tunanin rubuta maƙala.

A baranda mataimakiyar shugaba ta tsayar da ni. Dattijuwa ce, ita ke tsara jadawali tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma duk zaman nan ba ta buɗe baki ba sai don hamma.

"Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Ka yi aikin lada."

"Yaya, ai gaskiya ce ta yi halinta."

"Uhm. Kada dai ka rubuta shi a ko'ina."

"Saboda me?"

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta duba ko shugaba na kusa.

"Ni na raba ajin nan a farkon shekara. Waɗanda suka ci lissafi bara su na kai bene, tunda ba sa bukatar ƙarin darasi. Sauran na bar su a ƙasa."